Yarjejeniyar Zaman Tare: In Mai Mulki Ya Saɓa, Wa Zai Yi Hukunci?

A shekarar 1637 aka gurfanar da wani mai gonaki a Ingila, John Hampden, gaban alƙalai 12 saboda ya ƙi biyan sule 20. Mutumin mai hali ne, sule 20 ba za ta girgiza aljihunsa ba. Abin da ya ƙi shi ne hanyar da aka bi aka ɗora kuɗin. Harajin jiragen ruwan yaƙi ne, wanda a al'ada garuruwan bakin teku kaɗai suke biya, shi ma sai in ana yaƙi. Sarki Charles na Ɗaya ya sallami majalisa tun 1629, ya ƙi sake kiranta, kuɗi suka yanke masa, sai ya shimfiɗa wannan haraji a kan ƙasar baki ɗaya alhali ba a yaƙi da kowa. Lauyoyin Hampden suka ce ba a taɓa dukiyar mutum sai da yardar majalisa. Lauyoyin sarki suka ce ƙasa tana cikin haɗari, kuma sarki ne kaɗai yake da hurumin faɗin ko akwai haɗari ko babu. Alƙali 7 suka goyi bayan sarki, 5 suka goyi bayan Hampden. Dukkansu kuwa sarki ne ya naɗa su, kuma ranar da ya ga dama zai iya tuɓe kowanne. A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke, a watan Janairun 1649 aka fille wa sarkin kai a Landan.

Da wannan shari'a na fara domin a ganina ita ce ta fito da tambayar da duk falsafar siyasa ta zamanin wayewar kan Turai, wato ƙarni na 17 da na 18, take zagayawa a kai. Mukan ji ana cewa akwai yarjejeniyar zaman tare tsakanin hukuma da talakawa, ana cewa kowa an haife shi da haƙƙoƙin da ba wanda ya isa ya ƙwace. Kalmomin suna da daɗin ji, har 'yan kama-karya ma suna furta su. Amma duk wanda ya taɓa shiga cinikin gona ko jinginar gida ya san rubuta sharuɗɗa shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da ɗaya ya ce an saɓa, ɗayan ya ce ba a saɓa ba. Wa zai raba gardamar, kuma da wane ƙarfi zai sa a bi hukuncinsa? Da wannan tambaya ya kamata a auna kowane masani na wancan zamani, da kowane kundin tsarin mulki na yau, har da namu.

Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, ya hango yaƙin basasar nan yana tahowa, ya tsere Paris a 1640, a can ya rubuta Leviathan, wanda ya fito a 1651. Ya ce mu ƙaddara babu hukuma ko kaɗan. A irin wannan zama mutane kusan kunnen doki suke, domin mafi rauni ma yana iya kashe mafi ƙarfi, ko ta makirci ko ta haɗa kai da wasu. Abu uku ke tayar da rigima a cewarsa: gasa a kan abin duniya, rashin yarda da juna, da neman suna. Na biyun ne ya fi nauyi, kuma shi masu karatu suka fi tsallakewa. Hobbes bai ce kowa mugu ne ba. Ko mutumin kirki, in ya san maƙwabcinsa zai iya far masa cikin dare kuma babu inda zai kai ƙara, hankali zai ce masa ya riga shi. Daga nan noma ya tsaya domin ba wanda yake da tabbacin shi zai girbe, gini ya tsaya, fatauci ya tsaya, rayuwa ta zama ta kaɗaici da talauci, kuma gajera.

Maganinsa shi ne kowa ya yi alkawari da kowa: na miƙa ikon da nake da shi a kan kaina ga wannan mutum ko wannan majalisa, da sharaɗin kai ma ka miƙa naka. A lura da yadda ya gina shi. Alkawarin tsakanin talakawa ne junansu, mai mulki ba ya cikin masu ƙulla shi, wanda bai ɗauki alkawari ba kuwa ba a cewa ya saɓa. Saboda haka amsar Hobbes a fili take: mai mulki shi ne alƙali, har a shari'ar da shi ake ƙara. Hujjarsa ita ce in ka ɗora wani alƙali a kansa, to wancan ne ya zama mai mulki na gaske, in kuma ka raba ikon gida biyu ka koma yaƙin basasa. Alkawarin da babu takobi a bayansa, in ji shi, magana ce kawai.

Ban yarda da inda ya ƙare ba, amma ba na cikin masu raina shi. Duk wanda ya san halin ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma ba ya buƙatar a fassara masa Hobbes. Kuma ya bar ƙofa guda a buɗe, ya ce wajibcin biyayya yana nan ne muddin mai mulki yana da ƙarfin kare mutane, ranar da ƙarfin ya ƙare wajibcin ya ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai wannan ƙofa ba ta amfani sai bayan gida ya riga ya rushe. Bai tanadi komai ba domin ranar da mai gadin da kansa ya zama abin tsoro.

A nan John Locke ya kama masu wannan ra'ayi. Littafinsa mai maƙala biyu a kan gwamnati ya fito a 1689, shekarar da ya dawo daga gudun hijira na fiye da shekara biyar a Holan. Ya ce wautar mutane ba ta kai su yi ta kaffa-kaffa da ɓarnar dila, sannan su miƙa kansu ga zaki ya cinye, suna kiran hakan tsira ba. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

A wurin Locke mutum yana da haƙƙi tun kafin a kafa hukuma: ransa, 'yancinsa, da dukiyarsa. Tushen da ya ba su na addini ne, abin da masu karanta shi a yau suke yawan mantawa. Ya ce mutane halittar Ubangiji ɗaya ne, mallakarsa ne, ba a yi wani domin amfanin wani ba. Mutum ba zai iya ba kowa cikakken iko a kan ransa ba, tunda shi ma ran ba nasa ba ne, abin da ba ka mallaka ba kuwa ba ka kyautar da shi. To in haƙƙi yana nan tun asali, me ya kawo hukuma? Ya ce abu uku ne zaman babu hukuma ya rasa: tsayayyar doka da kowa ya sani, alƙali marar ɓangare, da ƙarfin zartar da hukunci. In babu su kowa alƙalin kansa ne, mutum kuwa in shari'arsa ake yi, son kai da fushi suna rufe masa ido. Saboda haka babban abin da mutane suka miƙa shi ne ikon rama cuta da hannunsu. Sauran haƙƙoƙin suna nan a hannunsu. Matsayin gwamnati kamar na wanda aka ba riƙon dukiyar marayu ne: amana ce a hannunsa domin wata manufa, in ya ci amanar ana karɓewa.

Abin da ya sa nake fifita Locke shi ne bai tsaya a kalmar amana ba, ya jera iyakokinta ɗaya bayan ɗaya. Dole a yi mulki da dokokin da aka shelanta, waɗanda ba sa sauyawa da sauyawar fuska, doka ɗaya ga mai kuɗi da matalauci, ga ɗan gaban goshin fada da manomin da ke bayan garma. Dole manufar dokokin ta zama amfanin jama'a. Ba a ɗora haraji sai da yardar mutane, ko da bakinsu ko ta bakin wakilansu. Kuma majalisa ba ta da ikon miƙa aikin yin doka ga wani, domin ita ma aro aka ba ta. Sannan ya bayyana alamun da ake gane amana ta warware: shugaba ya sa son ransa a gurbin doka, ko ya hana majalisa zama, ko ya sauya masu zaɓe ko tsarin zaɓen ba da yardar jama'a ba, ko ya miƙa ƙasa ga wata ƙasa, ko ya yi watsi da aikin zartar da doka har ta zama ba ta aiki. Ya ƙara da wata da ta fi ɓoyuwa, wato shugaba ya yi amfani da kuɗin baitulmali da muƙamai ya saye wakilan jama'a. Wannan, a cewarsa, sare gwamnati ne daga saiwa.

Da ya zo kan tambayarmu, bai kauce ba. Ya ce jama'a ne alƙalai, domin wanda ya ba da amana shi ne mai hurumin cewa an ci ta. Ga masu tsoron wannan zai haifar da tawaye kullum, ya ce mutane suna da haƙuri da kurakuran shugabanni, ba sa tashi sai sun ga doguwar jerin cuta duk ta nufi gefe ɗaya. Amsar daidai ce, amma tana da gurgunta. Ta yaya jama'a za su zauna su yanke hukunci? Abin da Locke ya iya cewa shi ne in babu alƙali a doron ƙasa sai a ɗaukaka ƙara zuwa sama, ma'anarsa kuwa a ɗauki makami Allah ya raba. Tsakanin haƙuri da juyin juya hali babu matakala, talaka kuwa rayuwarsa duk a wannan tsakanin take.

Matakalar ba masu falsafa ne suka gina ta ba. 'Yan majalisar Ingila ne suka gina ta da ƙananan dokoki waɗanda ba su da daɗin karantawa, kuma a nan nake so mai karatu ya dakata. Dokar 1679 ta kawo wanda aka tsare gaban alƙali ita ce misali mafi kyau. Haƙƙin kada a kulle mutum ba dalili tsoho ne a Ingila, amma masu tsaron kurkuku sun san yadda ake kashe shi: a yi ta jan ƙafa, a sauya wa fursuna kurkuku, a tura shi wani tsibiri inda takardar kotu ba ta isa, a jira lokacin hutun alƙalai. Dokar ta bi waɗannan ramuka ta toshe. In an kawo wa yari takardar kotu, dole ya gabatar da mutumin cikin kwana 3 in tafiyar ba ta wuce mil 20 ba, kwana 10 in ba ta wuce mil 100 ba, kwana 20 in ta wuce haka. In ya ƙi, tarar fam 100 ce a karon farko, fam 200 da rasa aiki a karo na biyu, kuma wanda aka tsare ne zai karɓi kuɗin. Alƙalin da ya ƙi ba da takardar a lokacin hutu, shi ma fam 500 ne a kansa. An hana tura fursuna ƙetare. Ga ƙayyadadden lokaci, ga ƙayyadadden kuɗi, ga sunan wanda zai biya daga aljihunsa.

Haka sauran suka biyo. Dokar haƙƙoƙi ta 1689 ta ce sarki ba zai dakatar da doka ba, ba zai karɓi haraji ba, ba zai riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardar majalisa. Sai majalisar ta yi dabarar da ta fi wannan rubutu ƙarfi: ta riƙa ba da izinin ladabtar da sojoji da kuɗin riƙe su na ɗan gajeren wa'adi, wanda daga baya ya zama na shekara-shekara. Sarkin da bai kira majalisa ba zai wayi gari ba shi da rundunar da doka ta sani. A 1694 aka ce kada majalisa ta wuce shekara 3 ba a sake zaɓe ba. Dokar 1701 kuma ta ce alƙali zai ci gaba da riƙe kujerarsa muddin bai yi laifi ba, ba a tuɓe shi sai ɓangarorin majalisar biyu sun nema. Wannan ita ce amsar shari'ar Hampden, bayan shekara fiye da 60. Da Montesquieu, masani ɗan Faransa, ya fitar da littafinsa a kan ruhin dokoki a 1748, abin da ya gani a Ingila ne ya mayar ƙa'ida: duk mai iko yana karkata ga wuce gona da iri har sai ya ci karo da iyaka, saboda haka a tsara abubuwa yadda iko zai tare iko, mai yin doka daban, mai zartarwa daban, mai shari'a daban.

Jean-Jacques Rousseau ya bi wata hanya, kuma dole a yi masa adalci. Ya ga abin da Locke ya kau da kai daga gare shi, cewa yarjejeniyar da ke kare dukiya tana yi wa mai dukiya aiki fiye da wanda ba shi da komai. A littafinsa na 1762 ya ce an haifi mutum da 'yanci amma ko'ina a ɗaure yake da sarƙa. Ya ce Turawan Ingila suna zaton su 'ya'ya ne, alhali 'yancinsu na ranar zaɓe ne kawai, da an gama sun koma bayi. Maganinsa shi ne kowa ya miƙa kansa da duk haƙƙoƙinsa ga al'umma gaba ɗaya, al'umma kuma ta yi doka bisa abin da ya kira nufin gama-gari, wato abin da ya zama maslahar kowa, wanda ya bambanta da tarin buƙatun ɗaiɗaikun mutane. Tunda kowa yana cikin masu yin dokar, mai biyayya kansa yake yi wa biyayya. Wanda ya ƙi, in ji shi, za a tilasta masa ya zama mai 'yanci.

Ga inda ya zame. Ya ce nufin gama-gari ba ya karkata daga daidai, kuma jiki ba ya cutar da gaɓoɓinsa, don haka talaka ba ya buƙatar lamuni daga al'ummar da ke mulki. Wato ya dawo da mu wurin Hobbes ta ƙofar baya: mai iko ba shi da alƙali a kansa, sai dai yanzu sunansa jama'a. Shi ƙaramin gari irin nasa Geneva yake tunani, inda mutane za su taru ido da ido. A ƙasa mai mutum miliyan 20 da ɗoriya, wani ne zai tashi ya ce da bakin jama'a yake magana. Faransa ta shelanta haƙƙoƙin ɗan'adam a watan Agustan 1789 cikin sashe 17 masu kyau ƙwarai. Sashe na 9 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar, na 14 ya ba ɗan ƙasa damar bin diddigin yadda ake kashe harajinsa, na 15 ya ce al'umma tana da haƙƙin tuhumar kowane ma'aikacin gwamnati a kan aikinsa, na 16 ya ce al'ummar da ba ta raba iko ba, ba ta da tsarin mulki. Amma ba a kafa kotun da za ta ce wa majalisa ta wuce iyaka ba. A watan Satumban 1793 aka yi dokar kama duk wanda ake zargi. A watan Yunin 1794 aka yi wadda ta hana wanda ake tuhuma lauya, ta ce ba dole a kira shaidu ba, hukunci kuma biyu ne kawai, saki ko kisa. Cikin mako bakwai aka fille wa fiye da mutum 1,300 kai a Paris kaɗai. Rousseau ya mutu tun 1778, ba shi ya rubuta waɗannan dokoki ba, kuma ƙasar tana cikin yaƙi ciki da waje. Amma sashe na 9 yana nan a rubuce duk tsawon lokacin, ba wanda yake da kujerar da zai tsaya masa.

Akwai masu sukar tunanin yarjejeniyar tun daga tushe, kuma sukarsu tana da nauyi. David Hume ya rubuta a 1748 cewa kusan duk gwamnatin da tarihi ya sani da cin yaƙi ko ƙwace aka kafa ta, ba wanda aka tambaya. Locke ya ce wanda ya zauna a ƙasa yana bin hanyoyinta ya yarda ke nan a fakaice. Hume ya ce talakan da bai san yaren wata ƙasa ba, yake cin hannu baka hannu ƙwarya, cewa ya zaɓi zama kamar a ɗauki mutum yana barci a sa shi a jirgin ruwa ne, sannan a ce ya amince da mulkin mai jirgin tunda bai faɗa teku ba. Jeremy Bentham kuma ya ce haƙƙin asali shirme ne tsagwaronsa. Doka ce ke haifar da haƙƙi, son a ce akwai haƙƙi ba ya zama haƙƙi, kamar yadda yunwa ba ta zama burodi.

Hume ya yi gaskiya a kan tarihi, kuma Immanuel Kant ya karɓi hakan a 1793 ba tare da gardama ba. Ya ce yarjejeniyar ma'auni ce ta hankali, ba sai an taɓa zama an ƙulla ta ba. A ɗauki kowace doka a tambaya: zai yiwu al'umma gaba ɗaya ta yarda da ita? Ya ba da misali da harajin yaƙi. In an raba shi daidai gwargwado a kan kowa, zai iya zama adalci ko da mutane suna ƙorafi. In aka ɗora wa wasu gonaki aka yafe wa wasu irinsu ba dalili, ba al'ummar da za ta taɓa yarda da haka. Wannan ma'auni yana aiki yau a kan kowane kasafin kuɗi.

Bentham kuwa rabin gaskiya ya faɗa, kuma bayin Haiti ne suka nuna ɗaya rabin. Dole a faɗi wannan a fili: mutanen da suka rubuta haƙƙin asali sun ware yawancin bil'adama daga cikinsa. Locke ya sa hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga Afirka, kuma da shi aka tsara kundin mulkin yankin Carolina da ke Amurka na 1669, wanda ya ba kowane ɗa cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a shelar 'yancin Amurka ta 1776 cewa an halicci dukan mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Kundin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi 3 cikin 5 na mutum wajen rabon kujeru, ƙidayar 1790 kuma ta sami bayi kusan 700,000. Faransa ta raba 'yan ƙasa gida biyu, mai zaɓe sai namijin da yake biyan harajin da ya kai ladan aikin kwana 3. Olympe de Gouges ta rubuta shelar haƙƙin mata a 1791, aka fille mata kai a 1793, matan Faransa ba su sami ƙuri'a ba sai 1944. Kotu ma ba ta tsira ba, domin Kotun Ƙolin Amurka ce ta yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

To a gandayen rake na Haiti akwai bayi kusan rabin miliyan, kuma dokar Faransa ta 1685 ta ce bawa kaya ne kamar sauran kayan gida. In doka ce kaɗai uwar haƙƙi, ba su da abin cewa. A watan Agustan 1791 suka tashi, kuma daga cikin makamansu akwai kalmomin 1789, suka ce mu ma mutane ne. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, jagoran bayin Toussaint Louverture ya mutu a kurkukun Faransa a 1803, ranar 1 ga Janairun 1804 Haiti ta shelanta 'yancinta. A 1825 Faransa ta tilasta mata biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin iyayen gijin. Amfanin haƙƙin asali ke nan: shi ne abin da ya rage a hannun mutum ranar da doka da alƙali suka haɗa baki a kansa. Shi ya sa ba na yarda a jefar da shi, duk da munafuncin waɗanda suka fara rubuta shi.

Mai karatu Musulmi zai ce ai mun san wannan tun da daɗewa, kuma yana da hujja. Sayyidina Abubakar ya ce a huɗubarsa ta farko a yi masa biyayya muddin yana biyayya ga Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayya. Imam Ghazali ya jera abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Kada dai a ce abu ɗaya ne da na Rousseau, domin a wurinsa jama'a ne tushen doka, a Musulunci kuwa mai mulki da talaka duk suna ƙarƙashin dokar da ba su suka yi ba. Amma tambayar wa zai yi hukunci ta tsaya a gaban malaman fiƙihu su ma. Yawancinsu sun hana ɗaukar makami a kan shugaba azzalumi saboda tsoron fitina, shi ya sa suka ba da muhimmanci ga kotun mazalim, inda ake kai ƙarar masu iko.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 jikan waɗancan takardu ne kai tsaye. Ya buɗe da cewa mu jama'ar Najeriya ne muka yi shi, alhali dokar soja mai lamba 24 ta 1999 ce ta kafa shi, ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Wannan bai dame ni kamar yadda yake damun wasu ba, domin Hume ya riga ya nuna mana kusan kowa haka ya fara. Abin da ya dame ni shi ne sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati, wato zuciyar yarjejeniyar ke nan, sannan sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan ko an cika abin da ke babi na biyu, inda sashe na 14 yake. Na san hujjar masu kare hakan, cewa alƙali ba zai raba kasafin kuɗi ba. Amma kundin Afirka ta Kudu na 1996 ya nuna akwai tsaka-tsaki: kotu ba ta tsara wa gwamnati kasafi, tana dai duba ko matakin da ta ɗauka a kan muhalli ko lafiya na hankali ne, kuma ta yi hakan a shari'o'in 2000 da 2002.

Babi na huɗu na kundin namu kuwa, mai magana a kan haƙƙoƙin ɗan'adam, yana da haƙori, a rubuce. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sashe na 46 ya ba shi damar zuwa babbar kotu. Ga lokaci an ƙayyade kamar a 1679. Abin da ba a ƙayyade ba shi ne nawa, kuma daga aljihun wa. A aikace hukuma ake ɗora wa diyyar, jami'in da ya kulle mutumin ba kasafai yake jin ta a jikinsa ba. In kuma talaka ya yi nasara ya zo karɓar kuɗin, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotuna ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni-Janar, wato babban lauyan ɓangaren da aka kayar. Gyara biyu nake kira ga Majalisar Tarayya ta yi, kuma ba sa buƙatar taron ƙasa ko sabon kundi, doka ce ta yau da kullum: a soke sharaɗin izinin nan a duk shari'ar da ta shafi haƙƙoƙin babi na huɗu, sannan a sa ƙayyadaddiyar tara a kan kowace ranar da aka tsare mutum fiye da wa'adi, a cire ta daga albashin jami'in da ya sa hannu a takardar tsarewar, a miƙa ta ga wanda aka tsare.